Babana, ka karanta wannan kafin ka sake fita da dare

Marwa, unguwar Barmare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan amininka, ya sa kwanciya hutu, ya karɓi shahadarsa. Auta ce ke rubuta min wannan, kuma na ce mata kada ta gyara ko kalma ɗaya, ko da ta ji na yi zafi. Na zaɓi takarda ne don na san halinka a waya. "To Inna, to Inna, in sha Allahu," sai kuma ka ce ga mai sayayya ya zo.

Maganar da ta iso ni ba ta yi min daɗi ba. An ce tun da aka yi sadakar uku ba ka cika zama a shago ba. An ce kai da waɗansu 'yan moto kuna taruwa bayan lisha, kuna zagaya Yelwa da Jambutu kuna cigiyar wani yaro da wai an gan shi tare da marigayi a daren. An ce har kuɗin mai kai ke ba su. Kada ka tambaye ni wa ya faɗa, kuma kada ka je ka huce a kan matarka, ba ita ba ce. Garwa da Marwa ba wani nisa ba ne, motar da ta taso da hantsi tana nan kafin la'asar.

Na san abin da ke cin ranka ko ba ka faɗa ba. Kai ka saya masa moton. Kai ka ce ya bar dakon albasa ya biyo ka Garwa, ya riƙa ɗaukar fasinja yana biyan ka kaɗan-kaɗan har ya zama nasa. Yanzu Shaiɗan yana raɗa maka cewa da ba ka saya ba da yana nan da ransa. Ka tofar da wannan tunani. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza", ya ce tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Alheri ka yi masa. Da moton nan ya biya haya, ya sa yara a makaranta, ya riƙa aiko wa mahaifiyarsa Goggo abin cefane. Wanda ya hau bayansa ya ce a kai shi bayan gari, ya soka masa wuƙa saboda ƙarfe mai taya biyu, shi zai amsa tambaya gaban Allah.

Bari in gaya maka halin da Goggo take ciki, tunda kai hankalinka yana kan wanda ya yi kisan, ni kuwa ina zaune da wadda aka kashe wa ɗa. Ba ta barci. Da ta ji moto ya rage gudu a bakin layi sai ta miƙe zaune. Abinci sai na zauna gabanta na sa hannu a kwanon kafin ta kai loma biyu. Mutuwar kisa daban take da mutuwar jinya, Babana. Wanda ya kwanta ciwo ya ba mutanensa lokaci, an yi ɗawainiya, an yafi juna, zuciya ta soma shiri. Wannan kuwa ya kira ta da safe ya ce zai aiko kuɗin magani ran Juma'a, washegari aka kira ta aka ce har an kai shi makwancinsa. Ko gawarsa ba ta gani ba. Abin da take ta nanatawa shi ne ko ya daɗe yana neman agaji, ko ya samu ya yi kalmar shahada. Ba mai amsar wannan sai Allah, ni ma ba na ƙago mata wata. Ina dai zama kusa da ita, in ta yi magana in saurara, in ta yi shiru in yi shiru. In kuka ya zo mata ba na hana ta. Annabi da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kururuwa da yage tufa da maganar saɓo su aka hana.

Masu zuwa gaisuwa kuwa, Allah ya saka musu, amma waɗansu gara ma su yi addu'a daga gidajensu. Mace ta shigo, ta ce "ya haƙuri" sau ɗaya, sai ta gyara zama ta ce, "Wai ni yaya abin ya faru ne?" Goggo ta sake ɗauko labarin tun daga tushe, kowa ya shigo sai ta maimaita masa. Wata ta ce, "Shi ma me ya fitar da shi da dare?" sai ka ce mai neman abincin 'ya'yansa ne ya yi laifi. Wata kuma, Allah ya shirye ta, ta zaro waya za ta nuna hoton gawar da ke yawo a WhatsApp. Na karɓe wayar, na raka ta har zaure. A ce Innarka ta yi rashin kara a gidan makoki, na ji na ɗauka. In hoton nan yana cikin wayarka ka goge shi yau, ka sa abokanka su goge nasu. Babban yaronsa ya soma iya taɓa waya, bai kamata ya ci karo da ubansa a wannan hali ba.

Mu nan Barmare tun 2015 muka koyi zaman irin wannan makoki. Kana gari ranar 22 ga Yuli da bam ya tashi a babbar kasuwa da nan unguwarmu, bayan kwana uku wani ya sake tashi a Pon Ver. Ka ga taron gaisuwar da aka yi, takalma tun daga zaure har bakin titi. Abin da ba ka gani ba, don lokacin kai yaro ne mai yawon majalisa, shi ne bayan an naɗe tabarmi. Na shiga waɗansu daga gidajen nan bayan wata biyu da azahar na tarar ba a hura wuta ba. Ba wai mutane mugaye ba ne, kowa ya koma harkarsa ne, yana zaton wani na kula. Matan adashinmu ne suka ce kowace ta riƙa ware kwanon gero duk sati, mai daddawa ta sa daddawa, mai itace ta sa itace. Ba abin a zo a gani ba ne, amma shi ya riƙe gidaje har suka tsaya da ƙafafunsu. Saboda haka ni ba ranar uku nake dubawa ba in zan san mai ƙaunar mamaci, ina duba wanda ake gani a ƙofar gidan bayan an yi arba'in.

Tunda na ambaci arba'in, malamai suna ta jayayyarsu a kan sadakar, ni ba da su nake ba. Abin da na sani shi ne lokacin da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi cewa ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu kuwa mun juya abin, gidan mamaci ke ɗora tukunya don baƙi. Kada ka bari a taɓa ɗan kuɗin gaisuwar da aka tara wa marayu a sayi shinkafar taro da shi. In za a yi, ku abokansa ku ɗauki nauyi.

Ga abin da nake so ka yi, kuma wannan ba shawara ba ce. Ragowar kuɗin moton nan ka yafe shi. Ba a zuci kawai ba, ka faɗa da bakinka gaban limamin unguwarsu da ƙanin marigayi, don kada matarsa ta riƙa sunkuyar da kai duk ranar da ta ji muryarka. Ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya, ka sani tun kana makarantar allo. In da hali ka bi sawun sauran, mai gidan haya da mai kanti da mai gyaran moto, wanda zai yafe ya yafe, wanda ba zai iya ba a san yadda za a yi da shi.

Ka raka ƙanin nasa meri, ofishin magajin gari, a yi takardar mutuwa tun abin bai yi nisa ba, domin in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu, ka kuwa san abin da wannan ke ci na kuɗi da zirga-zirga. Takardar likitan da ya duba gawar a adana ta. Ka tambaya ko yaran suna da takardar haihuwa, don na san halin amininka da "sai gobe", Allah ya gafarta masa, kuma yaron da ba shi da ita ba ya zauna jarrabawar CEP ta gama firamare. Satumba kuma ba ta jira, ga littattafai ga kayan makaranta. Takardun moton suna hannunka, da lambar jikinsa da ta inji. Ka kai wa masu bincike, tare da duk abin da ka ji a kan yaron da kuke nema, sunansa da unguwarsu da wanda ya ce ya gan shi. In an kama wani, iyalin suna da damar shiga shari'ar su nemi haƙƙinsu. Ka samo musu lauya, ka riƙa raka su duk ranar zama. Za a ɗage, a sake ɗagewa, za ka ji kamar ka fasa ihu. Ban ce maka hukuma ba ta jan ƙafa ba. Talaka in ya je shi kaɗai ana mantawa da takardarsa a ƙasan tebur, amma in ana ganin mutane a bayansa kullum sai a ji nauyi.

Akwai wata magana da ba za ka so ji ba. Kayan moto kake sayarwa. Ka fi ni sanin cewa moton da aka kashe mai shi ba ya kwana da yawa a Garwa, ko ya tsallaka Najeriya ko Cadi, ko a warware shi a sayar da kayan ɗaya-ɗaya. A hannun wa? Ba na zargin ka, ni na haife ka. Amma in yaro ya shigo layinku da inji ko taya ba rasit, ya faɗi rabin kuɗi, wani ya karɓa ya yi shiru, to da hannunsa a jinin 'yan moto. In yaƙi kake so ka yi saboda amininka, ga fili nan da rana tsaka, tsakaninka da maƙwabtan shagonka.

Ita kuma matarsa. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, amma an ce min akwai ƙaramin ciki, in haka ne sai ta haihu za ta fita, kuma ba a raba gado sai an ga abin da Allah ya kawo. Tumuni nata ne, sudusi na Goggo, ragowar na yara. Ba wani abin kirki ya bari ba, amma ɗan abin nan shi ake rige-rige a kai. Kada ka zuba ido wani dangi ya zo da amalanke ya kwashe katifa da talabijin wai zai adana. Ka tuna masa da ayar Suratun Nisa'i a kan masu cin dukiyar marayu, in bai ji ba ka kai shi gaban liman. Kai kanka kada ka riƙa shiga gidan kai kaɗai. Ka tura matarka, ka tsaya a zaure. Bakin mutane ba ya tausayin mai takaba, kuma ita za a ɓata, ba kai ba. Abin da za ka ba ta ka yanka shi daidai ƙarfinka, ko jaka biyar ce, amma ta san duk ƙarshen wata zai shigo wayarta ta Orange Money ba sai ta buɗe baki ta roƙa ba. In ta fita takaba a tambaye ta sana'ar da ta iya, ko ƙosai ko man gyaɗa ko ɗinki, a haɗa mata jari. A tambaye ta na ce, kada maza su zauna a zaure su yanke mata.

Yaron nan babba zai tambaye ka wa ya kashe ubansa. Kai zai tambaya, don kai ya saba gani tare da shi. Abin da ya gani a fuskarka ranar shi zai girma da shi.

To, shi ya kawo ni kan abin da ya sa na ta da Auta tun asuba. Yaron da kuke nema, wa ya gan shi? An ce. Wa ya ce? Wani ya ji a bakin wani a tashar moto. Kai Babana, da hankalinka da karatunka, a kan "an ce" kake zuba wa matasa mai a tanki? Ka san yadda abin ke ƙarewa, ni ma na sani. Mutum ɗaya zai ɗaga murya ya ce ɓarawo, kafin ka ce a tsaya an kawo taya da fetur, kuma a wannan lokaci ba mai jin muryarka, ko da kai ka tara su. In ba shi ba ne fa? Kun ƙara wata uwa a kan Goggo, ta riƙa miƙewa zaune cikin dare, kai kuma ka tashi ranar alƙiyama da jinin bawan Allah a wuyanka. In ma shi ne, wa ya ba ka? Kai ba waliyyin jininsa ba ne. Yana da ɗa, yana da ƙane. Su ma da Allah ya ba haƙƙi a Suratul Isra'i, a cikin ayar ya ce kada a wuce iyaka wajen kisa, kuma malamanmu ba su taɓa cewa mutum ya zartar da ƙisasi da hannunsa a lungu ba, aikin mai mulki ne. A wajen hukuma kuwa ba ruwansu da cewa amininka ne, kisan kai za su rubuta. Sai in riƙa ɗaukar kwano ina bin motar Garwa zuwa gidan yari, ko a wuce da kai kurkukun Cholire inda ƙafata ba za ta iya zuwa ba.

Wannan ma in ka dawo ke nan. Mutumin da ya iya soka wa ɗan'uwansa wuƙa saboda moto ba zai tsaya ya gaishe ka ba. Kai da ko ragon layya sai an kira maka mahauci! Kada ka kawo min zancen 'yan sintirin Kolofata da Mora. Su hukuma da lawanai sun san da su, ƙauyukansu suke tsarewa daga Boko Haram, kuma duk da haka sau nawa muka ji an yi jana'izarsu? Ni kake so a shimfiɗa wa tabarma a tsakar gida? Ni kake so mata su zo su gyara zama su ce wai yaya abin ya faru? Na ga Goggo, na ga abin da ya mayar da ita, wallahi ba zan iya ba. Tun da na haife ka ban taɓa yi maka baki ba. Kada ka sa in fara da tsufana.

Ka san abin da ya faru da Baffanka a hanyar Waza, zamanin zargina masu fashi a hanya, kafin a kafa rundunar sojojin BIR a 2001, lokacin da motocin Kusiri ke tsayawa jiran rakiyar sojoji. Ranar da aka kawo gawarsa, marigayi mahaifinka ya ɗauko abin da ya ɗauko daga ƙarƙashin gado, mutanensa na jira a waje da dawakai da kwari da baka. Na zauna a bakin ƙofa na ce sai dai ya taka ni. Dangin ubanka ba su yafe min ba, ka ji da kunnenka abin da Gwaggonka ta Kusiri ta faɗa ranar sunan Auta. Su faɗa. Yaran Baffanka nan huɗu da kuka ci tuwo a kwano ɗaya da su, waɗanda suka yi ta zuga ba su saya musu ko silifa ba. Ubanka ne ya ciyar da su ya aurar da su, don yana raye. Ga ɗaya yana koyarwa, ga ɗaya yana jan babbar mota zuwa Injamena, ga matan a ɗakunansu. Ban yi nadamar zaman da na yi a ƙofar nan ba, kuma da gwiwoyina suna da ƙarfi da yanzu ina bakin taka ƙofar.

Kada ka ga kamar ban san zafin da kake ji ba. Tare na goya ku, in Goggo ta tafi kasuwa nan nake ajiye ku ku biyu a tabarma ɗaya. Ni ma ɗa na rasa. Fushinka ba abin kunya ba ne, na ma fi son ka da shi a kan a ce an kashe amininka ka buɗe shago washegari kana dariya. Zuciyar nan a wajen ubanka ka gado ta, na kuma san ta, in ta huce ba wanda ya fi ku tausayi. Ka yi alwala in ta taso, ka yi masa addu'a a sujada, ka yi sadaka da sunansa. In kuka ne ka shiga ɗaki ka yi, ba wanda zai rage maka girma.

Ban zo Garwa ba, na san matarka ta yi ƙorafi. Ga ciwon gwiwa, ga shi ba zan bar Goggo da yara ƙanana su kwana da ita ba. Ka ba mai takaba haƙuri a madadina, ka ce mata ina nan tafe in ta sauka lafiya. Na ba direban da ka sani ƙullin gero da kuka da daddawa da yaji, nata ne, kada matarka ta raba biyu don kara, naku na nan zuwa daban.

Goggo ta roƙi abu biyu. Tana son hular da ya fi sawa, in ba a bayar ba. Tana kuma son a kawo mata jikokinta in an yi hutu, ko na sati ɗaya ne. Ni kuma na ƙara na uku, ka riƙa kiran ta duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba sai ka yi dogon zance ba, ka gaishe ta ka gaya mata abin da yaran suka ci.

Kawunka na Laynde zai zo shagonka gobe da hantsi. Ni na aiko shi, kuma na gaya masa komai. Ka ba shi kujera, ka kashe waya, ka ba shi sunayen yaran da kuke fita tare, zai san yadda zai yi da shugabanninsu. Daga nan ku wuce wajen masu bincike tare da takardun moton.

Ka gaishe min da matarka da mai sunana. Auta tana gaishe ka, ta ce hannunta ya gaji. Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Innarka.